Yadda Ake Zaɓe da Tantance Lauyan Cinikin Gida a Ingila da Wales

Duk wanda ya tashi sayen gida a Ingila ko Wales zai ga mutane sun yi masa caa: dillalin gidaje, ma'aikacin banki, mai nemo rance, safiyo mai duba lafiyar gini. Kowa da fara'arsa. Sai dai dillali ɗan aiken mai sayarwa ne, shi ke biyan sa la'ada, banki kuma kuɗinsa yake tsaro. Wanda kai ka ɗauka don ya tsaya maka shi ne lauyan da zai binciki takardun gidan, ya karɓi kuɗinka, ya miƙa su, sannan ya sa a rubuta sunanka a rajistar filaye ta gwamnati, wato HM Land Registry. Abin da ka yi shekaru kana tarawa ta asusun ofishinsa zai bi. Amma a nan ɗin ne mutane suka fi yin sakaci. Dillali ya ce "ai muna da lauyanmu", su ce to, shi ke nan.

Bayanin nan na Ingila da Wales ne kaɗai. Scotland tsarinta daban, Ireland ta Arewa ma haka, kowacce da hukumar lauyoyinta.

Fara nema tun ba ka taya gida ba

Da zarar mai gida ya sallama, abin da dillali zai fara tambayar ka shi ne sunan lauyanka, don ya aika wa ɓangarorin biyu takardar sanarwar ciniki. Wanda sai a ranar zai fara nema, cikin gaggawa zai zaɓa. Kuma a dokar Ingila sallamawar baki ba ta ɗaure kowa. Har zuwa ranar da lauyoyin biyu za su yi musayar takardun yarjejeniya, mai gida na iya janyewa ko ya sayar wa wanda ya ƙara kuɗi, kai ma kana iya fasawa. Duk makon da aka ɓata, ƙofar nan a buɗe take. Saboda haka ka ware ofisoshi uku ko huɗu tun kana yawon duba gidaje. In kuwa sayarwa za ka yi, ɗauki lauya tun ranar da aka kafa allon talla, ya ba ka fom na TA6 da TA10 ka cike, wato bayanin halin da gidan ke ciki da jerin kayan da za a bari a ciki.

Su wa doka ta yarda su yi aikin

Shirya takardun sauya mallakar gida don a biya mutum yana cikin ayyukan da dokar ayyukan shari'a ta 2007 ta keɓe wa masu izini. Wanda ba shi da izini ya yi, ya aikata laifi. Masu izinin da za ka fi cin karo da su iri biyu ne.

Na farko lauyoyi na gama-gari, waɗanda hukumar Solicitors Regulation Authority, a taƙaice SRA, ke sa wa ido. Ofisoshinsu kan yi cinikin gida tare da sauran ayyuka, kamar gado da rabuwar aure da ƙara a kotu. Na biyu ƙwararrun cinikin gida masu lasisi, waɗanda ke ƙarƙashin Council for Licensed Conveyancers, a taƙaice CLC. Wata doka ta 1985 ce ta samar da su don lauyoyi su daina cin kasuwar su kaɗai, aka fara ba da lasisin a 1987. Su aikinsu ke nan daga safe har yamma. Akwai kuma lauyoyin ƙungiyar CILEX da aka ba izinin wannan fanni. Daga nan gaba duka zan riƙa ce musu lauya.

A cinikin gida na yau da kullum babu wanda ya fi wani a idon doka. Inda bambanci ke fitowa shi ne idan cinikin ya haɗu da wata rigima: gidan gado da magada ba su daidaita ba, gidan da ake rabawa bayan mutuwar aure, ko jayayyar iyaka da ka iya kaiwa kotu. A nan ofishin da ke da sassa da yawa ya fi sauƙi. Wani abin lura kuma, ƙa'idojin CLC sun ba ofis ɗaya damar yi wa mai saye da mai sayarwa aiki a ciniki guda, bisa sharuɗɗa da amincewar kowa a rubuce. Halas ne a doka, amma ni ba zan ba mai saye shawarar ya yarda ba. Ranar da aka gano ɗakin da aka ƙara a bayan gida ba shi da izinin gini, kana bukatar ofishin da ba ruwansa da ɓacin ran mai sayarwa.

Duba rajista da idonka

Wannan shi ne ginshiƙin tantancewar, kuma bai fi aikin minti goma ba. Gani ya kori ji.

Kowane ofis na gaskiya yana rubuta sunan hukumar da ke kula da shi da lambar rajistarsa, galibi a ƙasan shafinsa na intanet da kan takardun wasiƙarsa. Kwafi lambar. Kada ka latsa wata mahaɗa da suka turo maka ta imel. Buɗe shafin SRA ko na CLC da hannunka, ka shiga rajistar, ka nemi ofishin. Daga nan sai ka jera abubuwa gefe da gefe: sunan ofis harafi da harafi, adireshi, lambar waya, adireshin shafin intanet. In abin da ke rajista ya ce ofishin yana Leeds kaɗai, wanda kake magana da shi kuma yana cewa shi "reshen Landan" ne, dakata. 'Yan damfara ba su cika ƙirƙirar sabon suna ba. Sunan ofis na gaskiya suke ara, su kwaikwayi shafinsa, su sauya lambar waya kawai. SRA tana da shafi na musamman da take wallafa gargaɗi kan irin waɗannan ofisoshin bogi, leƙa can ma.

Ofisoshin da ke ƙarƙashin SRA wajibi ne su sa tambarin hukumar a shafinsu, irin wanda in ka latsa zai kai ka ga tabbacin rajista. CLC ma tana da nata. Tambarin da ka latsa bai motsa ba hoto ne aka liƙa.

Bayan ofis, nemi mutumin. Tambayi cikakken sunan wanda zai riƙe fayil ɗinka, ka duba ko yana da lasisi mai aiki a bana, da ko an taɓa hukunta shi ko an gindaya masa sharuɗɗa. Hukumomin biyu suna wallafa hukunce-hukuncen ladabtarwa. A manyan ofisoshi sau da yawa wanda ke amsa wayarka ba lauya ba ne, ma'aikaci ne da ke aiki a ƙarƙashin mai lasisi. Wannan ba laifi ba ne, amma ka san sunan mai lasisin da ke duba aikinsa, ka neme shi a rajista.

Me lasisin ke saya maka? Abu uku. Ofis mai rajista dole ya riƙe inshorar kuskuren aiki, wadda mafi ƙarancinta fam miliyan 2 ne, a wasu nau'in ofisoshin SRA kuma miliyan 3. Dole ya ajiye kuɗin mutane a asusu daban da na ofis. Kuma kowace hukuma tana da asusun diyya da ake iya nema idan ofis ya ci amanar kuɗi. Wannan ba zancen takarda ba ne kawai: a watan Oktoba na 2023 SRA ta rufe wani babban ofis mai suna Axiom Ince bayan an gano sama da fam miliyan 60 sun ɓace daga asusun abokan hulɗarsa. Rajista ba ta hana ɓarna aukuwa, amma ita ce ta ba mutanen da abin ya shafa ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Za ka ga wasu ofisoshi na nuna tambarin CQS, shaidar inganci ta ƙungiyar lauyoyi, Law Society. Alama ce mai kyau, wasu bankuna ma suna neman ta. Sai dai na ofisoshin SRA ne, don haka rashin ta a ofishin CLC ba aibi ba ne.

Bankinka ya san shi?

In da rance za ka sayi gidan, yi wannan tambayar kafin ta farashi. Kowane banki yana da jerin ofisoshin da ya amince su yi masa aiki, domin a yawancin ciniki lauyanka shi ne kuma lauyan bankin. In ofishin ba ya cikin jerin, banki zai ɗauki nasa lauya, kai za ka biya, wasiƙu kuma su riƙa zagaya hannu uku maimakon biyu. Faɗi sunan bankin, a ba ka amsa a rubuce. In daga baya ka sauya banki, sake tambaya.

Masu bin tsarin kuɗi na Musulunci, irin wanda Gatehouse Bank ke yi, su ƙara kula. A wannan tsari ba rance ake ba ka ba. Bankin ne ke sayen gidan tare da kai, kana biyan haya kan kasonsa kana kuma saye a hankali. Takardun sun bambanta, bankin kan sa nasa lauya, kuma lauyan da bai taɓa yin irin sa ba zai koya ne da lokacinka. Tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa yi, da wane banki, kuma nawa zai ƙara a kan kuɗin aiki.

Lauyan dillali da lauyan kamfanin gini

Dillali zai ce nasa ya fi sauri. Wataƙila gaskiya ne. Abin da ba zai fara faɗa ba shi ne ofishin kan biya shi kamasho a kan duk wanda ya tura. Doka ba ta hana ba, amma ta wajabta a bayyana maka. Tambayi nawa ne, a rubuta maka, sannan ka sa ofishin cikin jerin waɗanda kake gwadawa kamar kowa. Babu dillalin da ke da ikon tilasta maka lauya, ko ya ƙi kai tayinka ga mai gida don ka ƙi nasa.

A sabon gini matsin ya fi ƙarfi, don kamfanoni kan ba da wa'adin kwana 28 a yi musayar yarjejeniya, wani lokaci har da alkawarin biya maka kuɗin lauya in ka ɗauki nasu. A shekarun baya mutane da dama sun sayi sababbin gidaje masu kuɗin hayar ƙasa, wato abin da ake biyan mai ƙasar da gidan ke kai, da ke ninkawa duk shekara goma, ba su fahimci abin da suka sa wa hannu ba sai da suka tashi sayarwa bankuna suka ƙi gidajen. Da yawansu lauyan da kamfanin ya nuna musu suka bi. Abin ya kai hukumar kula da gasa a kasuwa, CMA, ta buɗe bincike a 2019, aka kuma yi doka a 2022 da ta hana irin wannan kuɗi a mafi yawan sababbin yarjejeniyoyi. Tsofaffin suna nan a kasuwa.

Karanta ƙiyasin kuɗi layi-layi

Tun watan Disamba na 2018 an wajabta wa ofisoshi su wallafa farashin cinikin gida a shafinsu. Fara da wannan, amma ka nemi ƙiyasi a rubuce na gidanka takamaimai. Ba kowane ofis bayani iri ɗaya: kuɗin gidan, unguwa, irin mallakar, sunan banki, mutum nawa ke saye, da ko wani ɓangare na kuɗin kyauta ce daga dangi.

Ƙiyasin kashi biyu ne. Akwai ladan aikin ofis, wanda ake ɗora wa harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari. Akwai kuma kuɗin da ofis zai biya wasu a madadinka: binciken ƙaramar hukuma, na ruwa da magudana, na muhalli, a wasu yankuna har da na tsofaffin ramukan haƙar kwal, sai kuɗin rajista da harajin sayen gida. Kuɗin rajista da haraji gwamnati ce ta yanka, duk inda ka je kusan ɗaya ne. Gasar tana cikin ladan aiki da ƙananan layukan da ke biye da shi.

A ce ofis na farko ya rubuta fam 750, na biyu ya rubuta 1,250. Juya shafi. A na farkon sai ka tarar da layin "aiki wa banki", layin "cike fom ɗin haraji", layin "tantance shaida" na kowane mutum, layin "tura kuɗi", layin "duba kuɗin kyauta", layin "ajiye fayil", kuma duk ba a sa VAT ba. Na biyun ya dunƙule su cikin adadi guda. Kana tarawa sai ka ga ratar ta tsuke, ko ma ta juye. Araha ba ta ado. Ka sa kowane ofis ya ba ka jimilla ɗaya ta ƙarshe, har da VAT, sannan ya faɗi abin da zai iya sa ta ƙaru.

Tambayi kuma abin da za ka biya in cinikin ya rushe, domin yana rushewa, sau da yawa ba da laifin kowa a cikinku ba. Wasu ofisoshi na cewa in ba a kammala ba babu lada. Karanta sharuɗɗan: kuɗin binciken da aka riga aka biya ba ya dawowa, wasu kuma suna karɓar wani abu tun farko a matsayin kuɗin wannan lamuni.

Ɗaga waya

Sharhin da mutane ke rubutawa a intanet yana da amfani in ka karanta marasa daɗin, na watannin baya-bayan nan, kana neman ƙorafin da ke maimaituwa: ba a ɗaga waya, an sauya mai riƙe da fayil sau uku, kuɗi ya ƙaru a ƙarshe. Legal Ombudsman, hukumar sauraren ƙorafi kan lauyoyi, tana wallafa sunayen ofisoshin da ta yanke hukunci a kansu. Amma babu abin da ya kai ka ji muryar mutumin.

Kira da rana tsaka, ka nemi wanda zai yi aikin. Yadda aka yi da wannan kiran na farko, lokacin da suke neman kuɗinka, shi ne mafi kyawun abin da za ka samu daga gare su. Tambayi fayil nawa yake riƙe da su yanzu, wa zai karɓa in ya tafi hutu, cikin kwana nawa yake amsa imel, kuma ko kana da lambarsa ta kai tsaye. Sannan ka gwada shi da gidanka.

In fulat ne, kusan tabbas mallakar wa'adi ce, wato ka sayi zama na wasu shekaru ne a ginin da wani ke da ƙasarsa. Ka ce masa, "Saura shekara 83 a yarjejeniyar, me ka gani?" Wanda ya san aiki ba zai bari ka rufe baki ba. Zai gaya maka shekara 80 ita ce iyakar da aka daɗe ana tsoro, domin a ƙasa da ita kuɗin ƙara wa'adi kan yi tsalle, bankuna kuma su fara ja da baya. Zai ambaci dokar gyara ta 2024 da sassan da suka fara aiki da waɗanda ake jira. Zai tambaye ka kuɗin hayar ƙasa da na hidimar gini. In dogon bene ne, zai tambayi tsayinsa, saboda dokar tsaron gine-gine ta 2022 da ta biyo bayan gobarar benen Grenfell da ke Landan ta 2017 ta ɗora ƙarin takardu a kan gine-ginen da suka kai hawa biyar ko mita 11, har wasu ofisoshi ba sa karɓar irin wannan aiki. Wanda ya ce maka "ba matsala, duk ɗaya ne" ya amsa tambayar da ka zo da ita, sai ka yi masa godiya ka ajiye waya.

Gwaji na biyu haraji ne. A Ingila, sassaucin harajin masu sayen gida karon farko na wanda bai taɓa mallakar gida ba ne a ko'ina a duniya, ko da ta hanyar gado. Wanda kuma ke da wani gida da darajarsa ta kai fam 40,000, ko a wace ƙasa yake, yana iya faɗawa cikin ƙarin harajin gida na biyu, wanda a Ingila ya koma kashi 5 cikin ɗari tun ƙarshen Oktoba na 2024. Akwai kuma ƙarin kashi 2 ga wanda ba a ɗauke shi mazaunin Birtaniya ba. Wales tana da harajinta daban tun 2018. Lauya nagari shi zai fara yi maka waɗannan tambayoyi, kai kuma ka faɗi gaskiya, don kai ne mai alhakin abin da aka rubuta a fom ɗin.

Ofis na kusa ko na intanet? Ba dole ne lauya ya kasance a garin da gidan yake ba, kuma manyan ofisoshin intanet kan fi araha, suna da manhajar bin sawun aiki. Ga gida mai mallakar dindindin, wato gidan da ƙasarsa duk naka ne, mai tsaftatacciyar rajista, sun wadatar. Ga tsohon gida mai tarkacen takardu, ko ciniki mai doguwar sarƙa inda kowa ke jiran ya sayar kafin ya saya, na fi son inda mutum ɗaya ya san fayil ɗin da ka.

Shi ma zai tantance ka

Kada ranka ya ɓaci in ya nemi fasfo, shaidar adireshi da bayanan asusun banki na watanni. Dokokin hana halasta kuɗin haram na 2017 ne suka ɗora masa, kuma shi zai kwana a ciki in ya yi sake. Zai so ganin inda kowane babban kuɗi ya fito. In iyaye ko ɗan'uwa ne ya taimaka, sai mai kyautar ya kawo shaidarsa da bayanan asusunsa, ya sa hannu cewa kyauta ce ba bashi ba, kuma za a sanar da banki. Kuɗin da ya fito daga ƙasar waje ya fi jan tambayoyi, wasu ofisoshi ma ba sa karɓa daga wasu ƙasashe, don haka ka faɗa tun kiran farko. Tsabar kuɗi a jaka kuwa kada ma ka fara. Ofishin da bai tambaye ka komai ba shi ne abin tsoro.

Wasiƙar fara aiki

Kafin a taɓa komai za a aiko maka da wasiƙar sharuɗɗa. Mutane kan sa hannu ba su karanta ba. Duba abu huɗu: kuɗin ya yi daidai da ƙiyasi, an rubuta sunan mai riƙe da fayil da na mai duba shi, an faɗi abin da aikin bai ƙunsa ba, an kuma bayyana hanyar ƙorafi. Lauya ba ya zuwa ya ga gidan, ba ya duba rufi ko damshi, wannan aikin safiyo ne. In ku biyu ne ke saye, a nan za a tambaye ku yadda kuke son riƙe gidan: ko dai in ɗaya ya rasu kasonsa ya wuce kai tsaye ga ɗayan, ko kowa da kasonsa da zai shiga gadonsa. Wanda ke son a raba dukiyarsa bisa wasiyya ko tsarin gado na addini kada ya latsa akwati da ka, ya zauna a yi masa bayani.

Ranar tura kuɗi

Duk tantancewar da ka yi tana iya tashi a banza cikin minti biyar a nan. Kuɗi mai yawa sau biyu yake motsi: kafin alƙalami a lokacin musayar yarjejeniya, wanda bisa al'ada kashi 10 cikin ɗari ne, sai cikon kuɗin gab da ranar karɓar makulli. Ranar Juma'a aka fi kammala ciniki, ɓarayi kuma sun sani. Sukan kutsa cikin imel ɗin mai saye ko na dillali ko na ofis, su yi makonni suna karatu ba su ce uffan ba, har su san sunan gidan da adadin kuɗi da ranar.

Sai saƙo ya shigo da yammacin Alhamis. Tambarin ofis ne, sa hannun lauyanka ne, har da salon gaisuwarsa. Ya ce ana binciken kuɗi a tsohon asusun, a tura a wannan sabon kafin ƙarfe huɗu don kada a rasa gidan. In ka ƙura wa adireshin mai aikowa ido, sai ka ga inda ya kamata a ga harafin m an jera r da n, ko wutsiyar adireshin ta sauya daga .co.uk zuwa .com. A fuskar waya ido ba ya kamawa.

Maganin tun ranar farko ake shan sa. Karɓi lambar asusun ofis hannu da hannu ko ta wasiƙar gidan waya, ka ajiye. Ofisoshin lauyoyi ba sa sauya asusu a tsakiyar ciniki, kuma ba sa sanar da irin wannan ta imel. Kafin ka tura komai, kira lambar da ka kwafo daga rajista, ba wadda ke cikin saƙon ba, ka karanta lambar asusun a tabbatar maka. Tura fam ɗaya tukuna, ka sake kira a ce an gani, sannan ka tura sauran. In manhajar bankinka ta nuna sunan mai asusun bai dace da wanda ka rubuta ba, tsaya cak. Bankuna kuma suna da iyakar abin da ake turawa a rana, don haka ka tambayi naka tun mako guda kafin lokaci. In har an riga an yaudare ka, kira bankinka nan take, lambar 159 tana haɗa mutum da yawancin bankunan Birtaniya, sannan ka sanar da lauyan da 'yan sanda. Kuma ka daina shelanta ranar tarewa a Facebook.

In tafiya ta ƙi

Wata uku ko huɗu a cinikin gida ba abin mamaki ba ne, mallakar wa'adi kan wuce haka, kuma jinkirin ba kullum daga lauyanka yake ba. Wata ƙaramar hukumar tana jan ƙafa wajen bincike, wani kamfanin kula da gini sai ya ga dama yake aiko da takardu. Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce: yanzu wa muke jira, me muke jira, yaushe aka nema? Lauya mai riƙe da aikinsa zai amsa a layi uku. Riƙa tuna masa ranar da tayin rancenka zai ƙare, don galibi bai wuce wata shida ba.

Kana da ikon sauya ofis, sai dai za ka biya aikin da aka yi, suna kuma iya riƙe fayil har ka biya, sabon ofis ya sake tantance ka daga farko. Bayan musayar yarjejeniya kuwa sauyi kasada ce.

Ƙorafi daga ofishin ake farawa, a rubuce. Suna da mako takwas su ba da amsa ta ƙarshe. In ba ka gamsu ba, kana da wata shida daga ranar amsar ka kai wa Legal Ombudsman, kuma tun Afrilun 2023 ana so ƙorafin ya zo cikin shekara ɗaya da faruwar abin ko da gane shi. Kyauta ne, kuma tana iya sa a biya diyya har fam 50,000. Zargin rashin gaskiya ko taɓa kuɗin amana kuwa kai tsaye SRA ko CLC ake kai shi.

Karɓar makulli ba shi ne ƙarshen aikin lauya ba. A Ingila yana da kwana 14 ya miƙa fom ɗin haraji ya biya, a Wales kwana 30, sannan ya aika takardu a sa sunanka a rajista. Wannan na ƙarshen kan ɗauki watanni, musamman a sabon gini. Nemi shaidar cewa an aika, sa rana a kalandarka ka sake tambaya, in an gama kuma a turo maka kwafin rajistar ka duba rubutun sunanka da adireshin da za a riƙa aiko maka da wasiƙa. Daga nan ka yi rajista da Property Alert na HM Land Registry, wanda kyauta ne, yana ɗaukar gida har goma, kuma zai turo maka imel duk lokacin da wani ya nemi taɓa rajistar gidan.